Kujera, Taro da Rajista: Lissafin da Ƙwallon Arewa Ba Ta Yi

A garuruwan da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi, idan gasar ƙwallon unguwanni ta kai wasan ƙarshe, filin makarantar firamare ne ke karɓar baƙi. Da an idar da sallar la'asar jama'a za su kewaye shi sahu bayan sahu, yara su ɗare katanga da rassan darbejiya, masu rake da ruwan leda su baje haja, 'yan kabu-kabu su jera babura a inuwa. Washegari idan aka tambayi waɗanda suka shirya gasar mutum nawa suka halarta, amsar ba ta wuce cewa babu masaka tsinke. Ba wanda ya ƙirga, domin ba wanda abincinsa ya rataya a kan ƙirgar. Amma a daren ranar, mai gidan kallon da ke nuna wasan Arsenal ko Barcelona ya san benci nawa gare shi, ya san mutum nawa suka shiga, ya kuma san abin da ya rage masa bayan ya cire kuɗin man janareta.

Wannan bambanci na tsakanin filin gari da gidan kallo shi ne ciwon ƙwallon ƙafa a Arewa, tun daga gasar unguwa har zuwa manyan ƙungiyoyin jihohi. Ana alfahari da girman fili, ana alfahari da cikar taro, amma ba a san adadin mutanen da ƙungiya za ta dogara da su idan gwamnati ta juya baya ba. Akwai wani wasa a nesa, wanda ba a buga shi a Zurmi ko Badarawa, da ya shafe fiye da ƙarni guda yana fama da wannan tambaya, kuma amsar da ya samu ta cancanci a saurare ta.

Lambobi uku da ake gauraya su

Wasan shi ne zari-ruga, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita. Nau'i biyu ne: na 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, da na 'yan wasa 13 wanda ake kira na lig. Na biyun an haife shi ne saboda kuɗin ƙofa. A ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield, suka yanke shawarar ɓallewa daga hukumar zari-ruga ta ƙasar. 'Yan wasansu masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, duk ranar wasa suna asarar ladan aikin yini, hukumar kuma ta haramta a biya su diyya. Ƙungiyoyi 22 suka fara sabuwar gasa, wadda tun ranar farko ta san cewa albashin ɗan wasa daga aljihun ɗan kallo zai fito. A 1908 wasan ya kafu a Sydney ta Ostireliya, nan ma a unguwannin ma'aikata.

Wasan da ya taso a haka dole ya iya lissafi, shi ya sa masu bibiyarsa suke rarrabe lambobi uku. Ta farko ita ce yawan mutanen da fili zai iya ɗauka, kuma injiniya da jami'an tsaro ne ke yanke ta. Ta biyu ita ce yawan waɗanda suka shiga a ranar wasa, wadda ke hawa da sauka gwargwadon yanayin sama, da ƙarfin abokin karawa, da sakamakon makon jiya. Ta uku ita ce yawan mambobi, mutanen da suka biya kuɗin shekara tun kafin a take ƙwallo, aka rubuta sunayensu, aka ba su kati. Lambar farko tana nuna abin da aka kashe. Ta biyu tana nuna farin jini. Ta uku ce kaɗai ke gaya wa ma'ajin ƙungiya abin da zai iya yi wa alƙawari a farkon kaka.

A Arewa an fi riƙe ta farko, domin ita ce ake yanke mata kyalle a gaban kyamara. Ta biyu ana ƙiyasta ta da ido. Ta uku kuwa kusan babu ita.

Abin da ya faru a Bradford

A ranar 5 ga Mayu, 1954, aka sake buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale tsakanin Warrington da Halifax a filin Odsal da ke Bradford. Adadin da aka rubuta a hukumance shi ne mutum 102,569, kuma waɗanda suka halarta sun daɗe suna cewa taron ya fi haka. Odsal wani ƙaton kwari ne da aka mayar filin wasa, mai cin mutane kamar ba zai ƙoshi ba. Ƙungiyar da ke zaune a cikinsa, Bradford Bulls, ta ci gasar Super League sau huɗu tsakanin 1997 da 2005. Duk wanda ya ga wannan tarihi zai ɗauka cewa ƙungiyar ta fi ƙarfin talauci.

A 2012 shugabanninta suka fito suka roƙi magoya baya su cece ta daga bashi. Cikin 'yan makonni aka tara fam 500,000. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ta faɗa hannun masu kula da kamfanonin da suka gaza biyan bashi, ta sake faɗawa a 2014 da 2016, sannan a Janairun 2017 aka rushe kamfanin baki ɗaya, aka kafa sabo da tsohon suna. A 2019 ma sai da ta bar Odsal na wani lokaci, saboda ɗawainiyar kula da filin ta yi mata nauyi.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Babban fili ba ya ciyar da kansa: ciyawa, fitilu, rufi da masu gadi suna cin kuɗi ko an yi wasa ko ba a yi ba. Sannan gudunmawar gaggawa, komai yawanta, ba ta zama mallaka. Mutanen Bradford sun ba da kuɗi, amma ba su da kujera a inda ake yanke shawarar yadda za a kashe shi.

Abin da ya faru a Sydney

South Sydney Rabbitohs na cikin ƙungiyoyin da suka kafa gasar Ostireliya a 1908, ita ce ma ta ci kofin farko. A ƙarshen kakar 1999, shekarar da mutum 107,999 suka kalli wasan ƙarshe na gasar a sabon filin Olamfik na Sydney, masu gudanar da gasar suka rage ƙungiyoyi zuwa 14, suka cire ta bisa wasu ma'aunai na kuɗi da yawan 'yan kallo. Kaka biyu ta yi ba ta buga wasa ba. Ba ta da taro a fili, domin babu wasan da za a taru a kalla. Abin da ya rage mata shi ne mambobinta. Su suka tara kuɗin lauyoyi, su suka cika titunan Sydney a Nuwamban 2000 da zanga-zangar da aka ƙiyasta ta kai mutum dubu 80. A Yulin 2001 kotun tarayya ta ba ƙungiyar gaskiya, ta koma gasa a 2002.

A 2006, da aka ga bukatar jari, ɗan fim Russell Crowe da ɗan kasuwa Peter Holmes à Court suka nemi sayen kashi 75 cikin ɗari na ƙungiyar. Ba a kulle ƙofa aka yi cinikin ba. Mambobi aka tara suka kaɗa ƙuri'a, kuma sai da fiye da kashi uku cikin huɗu suka amince kafin ciniki ya faɗa, su kuma suka riƙe sauran kashi 25. A 2014 ƙungiyar ta ci gasa, karo na farko tun 1971.

Wani abin lura shi ne cewa Rabbitohs ta daɗe tana buga wasanninta na gida a wancan fili na Olamfik, wanda bayan an rage shi yake ɗaukar mutum sama da dubu 80. A wasan mako-mako, mafi yawan kujerun babu kowa a kansu, muryar 'yan kallo tana ɓacewa a cikin siminti. Duk da haka ƙungiyar tana da mambobi kimanin dubu 30, adadin da sau da yawa ya zarce na waɗanda ke zuwa fili. Wasu sun tsufa, wasu sun ƙaura zuwa wasu birane, amma suna sabunta katinsu duk shekara. A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka dakatar da gasar sannan aka dawo da ita babu 'yan kallo, ƙungiyoyin Ostireliya sun roƙi mambobinsu kada su janye kuɗinsu, kuma da yawa ba su janye ba.

Masu gina filaye ma sun koyi wani abu. Sabon filin Parramatta da aka buɗe a yammacin Sydney a 2019 kujera dubu 30 gare shi, an tsara shi 'yan kallo su matso kusa da layi. A Ingila kuwa, daga kakar 2025 aka fara amfani da tsarin ba ƙungiyoyi maki wajen tantance waɗanda za su buga Super League, kuma cikin abubuwan da ake aunawa har da matsakaicin taro da kason kujerun da ake cikawa. Tsarin yana da masu suka, waɗanda ke ganin yana fifita manyan ƙungiyoyi a kan na ƙananan garuruwa, kuma sukar tasu tana da tushe. Amma ko masu sukar da lambobi suke muhawara, domin ƙungiyoyi sukan bayyana adadin waɗanda suka shiga bayan wasa.

Kano, Katsina da Gusau

Babu ƙungiyar da ta fi Kano Pillars jan jama'a a Najeriya. An kafa ta a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Duk da wannan tarihi, har yau wasu bayanai suna cewa filin na ɗaukar mutum 16,000, wasu suna cewa 25,000. Idan lambar farko, wadda ta fi sauƙin tabbatarwa, tana da baki biyu, ba abin mamaki ba ne a ce ta biyu ta dogara ga abin da mai sharhi a rediyo ya hango.

Sai Masu Gida ƙungiyar gwamnatin jiha ce, kamar Katsina United mai buga wasa a filin Muhammadu Dikko na Karkanda, wanda aka ce yana ɗaukar mutum 35,000, kamar kuma Zamfara United da aka sani da filin tunawa da Sardauna a Gusau. Gwamna ne ke naɗa shugabanni, baitulmali ne ke biyan albashi. Idan gwamna mai son ƙwallo ne, ƙungiya ta yi ƙiba. Idan ya sauka, ko kason wata-wata ya ragu, 'yan wasa su shiga bin bashin albashi. Miliyoyin masoya Pillars ba su da ta cewa a kan wanda zai shugabance ta, ba su san abin da ƙofa ta tara ba, ba kuma wanda ya san sunayensu. Da ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasa a 2022, duk wannan ƙauna ba ta da wata ƙofa da za ta bi ta zama taimako ko ta zama tuhuma, sai ƙorafi a rediyo da Facebook.

Kafin zamanin gwamnatoci, attajirai da kamfanoni ne suka riƙe ƙwallo. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, Ranchers Bees ta Kaduna ta yi tashe a shekarun 1980, a Kudu kuma aka yi Abiola Babes da Leventis United. Yawancinsu sun dusashe ne ranar da mai ɗaukar nauyi ya gaji. Gwamnati da attajiri duk zanen aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Ko Remo Stars, ƙungiyar ɗan kasuwa da ta ci gasar ƙasa a 2025, darasinta ga masu gina filaye shi ne cewa daga ƙaramin fili mai kujeru kimanin dubu 5 a garin Ikenne ta yi hakan.

Za a iya cewa ai akwai ƙungiyoyin magoya baya, masu kalangu da kakaki da riguna iri ɗaya. Suna da amfaninsu, amma kuɗi tsakaninsu da ƙungiya sau da yawa daga sama yake gangarowa: a ba su mota, a ba su na abinci, su raka 'yan wasa. Mamba kuwa shi ne ke bayarwa, shi ya sa yake da bakin tambaya. Wannan tsari ba na Turawa kaɗai ba ne. Mambobin Al Ahly su ke zaɓen shugabanta, mambobin Simba da Young Africans a Tanzaniya suna da ƙuri'a a taronsu na shekara, dokar ƙwallon Jamus kuma ta tanadi rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun mambobi, ban da wasu 'yan ƙungiyoyi da aka keɓe.

Ƙirgar bakin ƙofa batun rai ce

Akwai al'adar da 'yan siyasa ke so, ta buɗe ƙofa kyauta ranar babban wasa. A ido karamci ne, amma ranar da aka daina yanka tikiti, ranar aka daina sanin mutum nawa ke ciki, kuma filin da ba a san adadin mutanen cikinsa ba tarko ne. A Hillsborough da ke Ingila, cunkoson 15 ga Afrilu, 1989 ya ci ran mutum 97, bayan da aka buɗe wata ƙofa jama'a suka kwarara zuwa sashen da ya riga ya cika. A Accra, ranar 9 ga Mayu, 2001, mutum 126 suka mutu a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, lokacin da 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe. A Janairun 2022 mutum 8 suka rasu a ƙofar filin Olembe na Kamaru, a tsakiyar gasar kofin Afirka.

Rajista tana da wani amfani a nan. A Afrilun 2022 wasan Pillars da Katsina United a Kano ya watse cikin tarzoma, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara ta kuma zabtare mata maki. Hukuncin ya faɗa kan kowa da kowa, domin ba a san masu laifin da suna ba. Inda mai shiga fili yake da kati mai ɗauke da sunansa, ana iya hana mutum goma shiga a bar wa dubu goma wasansu. Wanda kuma ya san kuɗin shekararsa ne za a biya tara da shi yakan riƙe hannun maƙwabcinsa kafin dutse ya tashi.

Abin da ba zai kwafu ba

Gaskiya ta wajabta a faɗi inda misalin Ostireliya ya gaza. Babban kuɗin gasar can daga gidajen talabijin yake fitowa, kuɗin mambobi ƙari ne. Wasu manyan ƙungiyoyin Sydney, irin su Penrith da Canterbury, sun daɗe suna samun tallafi daga gidajen shaƙatawarsu masu cike da injunan caca, hanyar da addini da al'adar Arewa ba za su karɓa ba, kuma ko a can tana shan suka saboda gidajen da take rusawa. Lambar mambobi ita ma ana kumbura ta: akwai katin wasa uku kacal, akwai na jarirai, wasu ƙungiyoyin har dabbobin gida suke yi wa kati. Saboda haka duk wanda zai kwaikwayi tsarin sai ya bayyana adadin mambobi tare da adadin kuɗin da suka biya.

Sai batun talauci, wanda shi ne uzurin da aka fi kawowa. Amma talakan da ake magana a kansa yana biyan kuɗin gidan kallo duk mako, yana zubin adashi, yana biyan kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi. A gidan dambe, daga Ado Bayero Square a Kano har Dei-Dei a Abuja, yana biya a ƙofa, ya shiga ya yi wa ɗan damben ɓangarensa kari, ko na Kudu ne ko na Arewa ko na Guramada. Mai gidan dambe yana ƙirga ƙofarsa daidai, domin daga ita zai sallami 'yan wasa da makaɗa. A Nijar kuma, inda ake kokawar neman takobi tun 1975, kowace jiha tana da filin kokawarta, gasar tana zagayawa daga wannan jiha zuwa waccan, mutanen Maraɗi da Dosso da Tawa suna bin 'yan kokawarsu da zuciya ɗaya. Biyayya ga ɓangare da biyan kuɗin kallo tsofaffin ɗabi'u ne a ƙasar Hausa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne amana: mutum ba zai zuba kuɗi a asusun da ba za a taɓa karanta masa lissafinsa ba, kuma yana da gaskiya.

Uzuri mafi nauyi a arewacin Zamfara shi ne tsaro. Wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi ya san cewa tafiyar kallon ƙwallo ba ta cikin tafiye-tafiyen da mutum zai sa ransa a kansu. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, har kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa daga nesa, ta tsaya. Mai hankali zai ce yankin da ke cikin wannan hali yana da abin da ya fi ƙwallo muhimmanci, kuma haka ne. Sai dai wannan hujja tana rusa batun ƙaton fili ne, ba ta taɓa batun rajista. Filin mutum dubu 30 yana bukatar jama'a su taso daga garuruwa goma su hau hanya. Ƙungiyar gari mai mambobi tana bukatar mutanen garin kawai, da 'ya'yansa da ke zaune a Gusau, Sakkwato, Kano, Abuja da Legas, waɗanda rashin tsaron ya ƙara yawansu, kuma waya ta ishe su aika kuɗi. Matasan da ke zaune babu gona babu makaranta su ne waɗanda kowane ɓangare na rikicin ke zawarci, kuma ƙungiyar da ke tara su atisaye kowace yamma tana yin aikin da ya wuce wasa.

Inda ya kamata a fara

Matakin farko ba ya bukatar kwangila. Hukumar gasar ƙasa da hukumomin ƙwallon jihohi su wajabta wa kowace ƙungiya bayyana adadin tikitin da ta yanka da kuɗin da ta tara bayan kowane wasa, a kuma sa injiniyoyi su tantance ainihin abin da kowane fili ke ɗauka, a rubuta shi a bakin ƙofa. Gwamnan da ke son yi wa jama'a alheri ya sayi tikitin ya raba, maimakon ya ce a buɗe ƙofa.

Mataki na biyu na manyan ƙungiyoyi ne. Pillars, Katsina United da Zamfara United za su iya buɗe rajistar mambobi ba tare da gwamnati ta saki mallakarta a rana ɗaya ba. Kati ya zo da haƙƙoƙi bayyanannu: rangwamen tikiti, taron shekara da za a karanta rahoton mai binciken kuɗi, da kujeru biyu ko uku a hukumar gudanarwa waɗanda mambobi za su zaɓa, gwamna ba zai iya sauke su ba. Idan babu haƙƙi na ƙarshen nan, katin ya zama wani sabon haraji.

Mataki na uku na garuruwa ne irin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. A ɗauki misali: ƙungiyar gari ta samu mambobi 2,000, kowa yana biyan naira 500 a wata. Naira miliyan 1 ke nan duk wata, miliyan 12 a shekara. Ba za ta sayi ɗan wasa daga Enyimba ba, amma za ta biya mai horarwa, ta sayi ƙwallaye da takalma, ta yi jinyar wanda ya karye, ta biya kuɗin shiga gasar jiha ba tare da an yi zaman jiran shugaban ƙaramar hukuma ba. Asusun ya kasance a banki da sa hannun mutum uku, a riƙa liƙa lissafin wata-wata inda kowa zai gani. Ƙaura Namoda, mai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ba ta rasa ɗaliban lissafin kuɗi da za su riƙe irin wannan littafi. Abin da gwamnati za ta ƙara shi ne katanga mai ƙofofin fita da yawa, da rumfa mai ɗaukar mutum dubu biyu ko uku, da ban-ɗaki, da sashen da mata da yara za su zauna cikin mutunci. Kuɗin ƙaton fili ɗaya a babban birnin jiha zai yi irin wannan a ƙananan hukumomi da dama.

Idan shekara uku ta wuce, littafin ƙofa ya nuna cewa rumfar tana cika ana mayar da mutane, rajista kuma tana ƙaruwa, a lokacin ne za a je wa gwamnati da maganar faɗaɗa fili, da takarda a hannu. Garin da ya kasa tara mambobi 2,000 shi ma ya samu amsarsa, tun kafin a zuba siminti.